Maganin gargajiya ya daɗe da shiga asibiti, ɓoye shi kawai ake yi

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin ƙasar nan, ko a Yamai ne ko Maradi ko Damagaram ko Tawa, ya san abin da ke faruwa in dare ya yi. Malaman asibiti na gama zagaye, sai kwalabe su fara fitowa daga ƙarƙashin gado. Wannan jiƙon sabara ne, wancan sassaƙen maɗaci ne da kawu ya aiko daga ƙauye, ga kuma wani baƙin ruwa a roba wanda ko mai ba da shi bai san abin da ke ciki ba. Majiyyaci ya sha na likita da rana, ya sha na gida da dare. Da safe likita ya zo ya tarar suga ya faɗi warwas, ko awon ƙoda ya lalace, ya tsaya yana mamaki. Ba mai gaya masa gaskiya, don kowa ya san abin da zai biyo baya: tsawa da cin fuska a gaban mutane.

Shi ya sa in na ji ana muhawara a kan ko ya dace a shigar da maganin gargajiya cikin tsarin kiwon lafiya, sai in ce jama'a, ai ya shiga tuntuni. Abin da ya rage mana shi ne mu zaɓa: ya ci gaba da zama a ɓoye inda ba mai auna shi, ko a fito da shi fili. Ni ina tare da masu cewa a buɗe masa ƙofa. Amma da sharaɗi guda, kuma ba na sassautawa a kansa: mudun da ake auna maganin farmasi da shi, da shi za a auna na gargajiya.

Na san wannan magana ba za ta yi wa ɓangarori biyu daɗi ba. Akwai ƴan boko irinmu da suka fito jami'a suka ɗauka duk abin da aka jiƙa a ƙwarya jahilci ne. Akwai kuma wani sabon yayi da ke cika Facebook da TikTok, masu cewa duk abin da kakanni suka sha waraka ne, duk abin da ya zo cikin kwali dafin Turawa ne. Dukkansu hutu suke nema, don sun yanke hukunci tun kafin a gwada komai.

Ku ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a CSI yau, irinsu Coartem. Asalinsa ganye ne. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman maganin zazzaɓi, saboda tsofaffin magunguna irinsu kulorokin sun fara gazawa. Wata mai bincike, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan maganin gargajiyar ƙasarsu, suka tattara haɗe-haɗe sama da 2000, suka yi ta gwada wasu daga cikinsu a kan ɓeraye. Kusan duka suka faɗi. Ko ganyen Artemisia annua da ya zo ya yi suna, da farko sakamakonsa hawa da sauka yake yi. Sai ta lura wani littafi na ƙarni na 4 ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse, bai ce a dafa ba. Daga nan ta gane zafin wuta ne ke lalata sinadarin. Ta sake hanyar tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, a 1971 ya yi aiki, a 1972 ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu kafin a ba marasa lafiya. A 2015 aka ba ta lambar Nobel.

Masu kishin gargajiya na son wannan labari, amma rabinsa suke bayarwa. E, ilimin kakanni ne ya nuna hanya. Sai dai cikin haɗi sama da 2000 da kakannin suka bari, nawa ne suka tsallake gwaji? Kuma ko wanda ya tsallake, sai da aka gano nawa za a sha, sau nawa, kwana nawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fito ta ce ba ta goyon bayan a sha shayin ganyen nan a madadin ƙwaya. Dalilin a fili yake: yawan sinadarin da ke cikin ganye ya danganta da ƙasar da aka shuka shi, da lokacin da aka tsinka, da yadda aka shanya. In ya yi kaɗan, zazzaɓi ya lafa amma ƙwayar cutar ba ta mutu ba, kuma ta haka take koyon jure magani. An riga an tabbatar da alamun wannan jurewa a Ruwanda da Uganda da Eritiriya. Ranar da Coartem ya daina aiki a nan, a watan Agusta da Satumba da ɗakunan yara ke cika maƙil, Allah kaɗai ya san gawa nawa za mu ɗauka.

Mun kuma ga yadda abin ke kasancewa in aka tsallake gwaji. A watan Afrilun 2020 shugaban Madagaska ya ɗaga kwalbar Covid-Organics a gaban kamara ya sha, ya ce an samu maganin korona. Ƙasashen Afirka da dama suka karɓa, har da tamu. Duk wanda ya nemi a nuna masa sakamakon bincike a lokacin, sai a ce masa karen Turawa ne. Yau wa ke zancenta? Abin da ya fi ba ni haushi shi ne irin wannan wasan kwaikwayo masu maganin gargajiya na gaskiya yake cutarwa, don shi ke ba masu raina su hujja.

Alhali ba sai mun je Sin ba. Maƙwabtanmu sun yi aikin. A Bamako akwai sashen maganin gargajiya na gwamnati wanda tushensa ya faro tun 1968. Sun zauna da masu magani, sun zaɓi wasu tsirrai, sun bincika ko suna da dafi, sun tsayar da awo, sun zuba a leda da kwalba da takardar bayani. Bakwai daga cikinsu suka shiga jerin muhimman magungunan ƙasar Mali. Ku ji abin da ke ciki: Laxa-cassia na taurin ciki, filasko ne. Dysenteral na atuni, nonon kurciya ne. Hépatisane, geza ce, wadda ke cike da dajinmu. A Burkina Faso masu bincike na gwamnati sun fitar da FACA, wanda ake ba masu sikila don rage yawan tashin ciwon, kuma ɗaya daga cikin itatuwa biyun da aka haɗa shi da su tumfafiya ce. Tumfafiyar da kowane yaro ya san in nononta ya shiga ido an shiga uku. Ita ce dai, amma an san ɓangaren da za a ɗauka da yawan da za a ba mutum. Kada wani ya karanta wannan ya je ya tono saiwar tumfafiya ya jiƙa wa ɗansa, don Allah.

Gana ta bi wata hanyar. Tun 1975 suke da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong, tun 2001 kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ke ba da digiri a fannin. Waɗanda suka gama suna aiki a wasu asibitocin gwamnati, a ɗakinsu na daban. Mara lafiya ya yi awon jini tukuna a san abin da ke damunsa, sannan in ciwon na cikin waɗanda ake da ingantaccen maganin itace a kansu, ya zaɓa. In ba ya ciki, a tura shi ɗakin da ya dace.

Mali da Burkina fa su ne muke tare da su a AES. Kullum ana zancen dogaro da kai. To ga wani fanni da dogaro da kai ke da ma'ana ta zahiri, mai rage kuɗin da muke kashewa wajen sayo magani daga waje, kuma abokan tafiyarmu sun riga sun share hanya. Me zai hana maganin da ya samu izini a Bamako ko Wagadugu a duba takardunsa a Yamai, in ya cika sharuɗɗa ya shiga farmasin CSI?

Kada a ce ba mu da komai a ƙasa. Tun 1980 aka wallafa babban binciken tsirran magani na Nijar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Adjanohoun. Dokar harhaɗa magunguna ta 1997 ta san da zaman maganin gargajiya. Ma'aikatar kiwon lafiya na da sashen da ke kula da shi, masu maganin na da ƙungiyarsu ta ƙasa, ATPN, muna da ɗakin awo na LANSPEX, malaman jami'ar Abdou Moumouni sun daɗe suna nazarin sabara da kalgo da marke da bagaruwa. Kowace ranar 31 ga Agusta, tun 2003, ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka. A kafa rumfuna, magabata su zo su yi jawabi, a ce kashi 80 cikin 100 na jama'a da maganin gargajiya suka dogara, a ɗauki hoto, a watse. Shi kansa adadin nan na kashi 80 tsohon ƙiyasi ne da ya samo asali tun farkon shekarun 1980, ana ta maimaita shi kamar karatun allo. Ni dai ban taɓa shiga farmasin CSI na ga ledar filasko mai tambarin hukuma da awo a jiki ba. Binciken ɗalibai na ƙarewa a kan kanta, ƙura na binne shi.

Amma fitar da magani aiki ne na shekaru da kuɗi. Akwai abin da za a iya farawa gobe da safe ba tare da ko dala ba, shi ne tambaya. Majo ko likita ya dubi mara lafiya ya ce: "Baba, kafin ka zo, me ka sha a gida? Faɗa mini, ba faɗa zan yi ba." Ya rubuta amsar a karne. Shi ke nan. Wannan tambaya na iya ceton rai. Mai ciwon suga da ke shan ƙwayar asibiti kuma yana ɗora jiƙo mai saukar da suga, zai iya suma. Mai jego mai hawan jini da ake ɗura wa kunun kanwa safe da yamma, gishiri ake loda wa zuciyar da ta riga ta gaji. Mai shawara wanda hantarsa ke fama da ƙwayar cuta, kowane ɗaci da aka ba shi hantar ce za ta tace shi. Wanda za a yi wa tiyata, dole a san abin da ke cikin jininsa. Likitan da ke tsawa yana ganin yana yaƙi da jahilci ne, alhali makantar da kansa yake yi. Kuma in kowane CSI na rubuta wannan amsa, cikin shekara biyu za mu san abin da mutanenmu ke sha a zahiri, da wanda ke yawan biyo bayansa da matsala, mu daina dogaro da ƙiyasin da ya girme mu.

Sai kuma su masu maganin kansu. A ƙauyen da ke da nisan kilomita 20 da CSI, in yaro ya faɗo daga bisa itace, wurin maɗori za a kai shi, ko ma'aikatar lafiya ta so ko ta ƙi. Maɗoran nan da yawansu sun gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma karaya mai sauƙi suna gyara ta, kowa shaida ne. Inda ake samun masifa shi ne ɗaurin da ya yi tsauri. Hannu ya kumbura a cikin karare, jini ya kasa wucewa, yatsu su yi sanyi, su mutu, su yi baƙi. Kafin a kai asibiti sai dai a yanke. Duk likitan ƙashi a yankin nan ya ga yara irin waɗannan. Horon kwana biyu ya isa maɗori ya san alamun: in yatsu sun yi sanyi ko yaro ya daina jinsu, a kwance nan take, in ƙashi ya fasa fata ya fito, ko karayar ta kusa gaɓa, wannan na asibiti ne. A ba shi lambar wayar majo, a ba shi takardar tura majiyyaci, in ya turo a karɓe shi da mutunci, a kuma mayar masa da labarin yadda aka ƙare. Mutumin da aka wulaƙanta sau ɗaya a bakin ƙofar asibiti ba zai sake turo kowa ba.

Haka yaron da zazzaɓi ya hau kansa yana fizge-fizge. A gida za a ce iska ce, a nufi wurin malam ko boka. Ba na faɗa da tofi, ni ma an yi mini, kuma addu'a ba ta hana allura aiki. Abin da ke kashe yaron shi ne kwana biyun da aka ɓata kafin a kai shi. In malamin ya san cewa jiki da zafi haɗe da fizga alamar zazzaɓi mai tsanani ce, ya yi addu'arsa a minti biyar ya ce "ku hau kabu-kabu yanzu ku tafi likita", maganarsa ta fi ta kowace sanarwar rediyo nauyi a kunnen uwar. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tun shekarun 1960 aka fara horar da ungozomomi da masu agajin farko na ƙauye a yankin Maradi, tun kafin taron Alma-Ata na 1978 ya ce a yi aiki da masu maganin gargajiya a matakin farko na kiwon lafiya. Mu muka riga duniya, sannan muka saki.

Akwai abubuwan da ba za su shiga ba ko da wane suna aka kira su. Yankan gishiri na cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari, kuma doka ta haramta kaciyar mata a ƙasar nan tun 2003. Wanda ke shakka ya je Danja, kusa da Maradi, ya ga matan da ke jiran aiki. Cire belun jariri da aska ɗaya da ta bi wuyan yara goma, jini ne da tetanus da ciwon hanta ake saya da kuɗi. Wanzami na da matsayi a cikin al'umma, kuma za a iya zama da shi a kan tsafta da sabuwar reza ga kowane yaro wajen kaciyar maza. Amma girmama mutum bai hana a ce masa wannan aikin ya tsaya.

Sai manyan ɓarayin, waɗanda ba su gaji komai ba sai lasifika. Ku kunna rediyo da dare ko ku tsaya a tasha. Kwalba ɗaya tana maganin suga, hawan jini, basir, sanyi, rashin haihuwa, kansa da sida, jikka biyar kacal. Mace ta ji ƙullutu a nono, ta yi wata takwas tana shan wannan, ta iso asibiti lokacin da ba abin da za a iya yi. Mai sida ya ajiye ƙwayoyinsa na kyauta saboda an ce masa an wanke jininsa. A ƙasashe da dama an kama irin waɗannan haɗe-haɗe da ƙwayoyin farmasi a niƙe a ciki, sinadarin Viagra a maganin ƙarfin maza, masu kashe zafi a maganin sanyin ƙashi. Ka ga ke nan ko sunan gargajiyar ma ƙarya ne. Gidan rediyon da ke karɓar kuɗin wannan talla yana da hannu a cikin abin da ya biyo baya, kuma hukumar da ke sa ido kan kafafen watsa labarai ta san tashoshin da lokutan. Masu maganin gaskiya su ya kamata su fi kowa ɗaga murya a nan, don sunansu ake ɓatawa. Kuma don adalci: mai tallar ƙwayoyin bature a bisa tire cikin rana tsaka, da tramadol a ƙasan kwali, shi ma layi ɗaya suke.

Akwai wani tsoro da nake da shi game da duk wannan magana, kuma gara in faɗe shi. Kada shigar da maganin gargajiya ya zama hanyar da gwamnati za ta ce wa talaka ga naka, alhali masu hali na hawa jirgi zuwa Tunisiya da Turkiyya. Da yawan masu zuwa wurin boka ba don sun fi yarda da shi ba ne. Shi ne ke kusa, shi ke karɓar bashi ko kaza, shi ke sauraronka har ka gama magana. CSI kuwa ka je ka tarar ba magani, a rubuta maka takarda ka tafi farmasi. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, har yau ba mu kai ba. Kulawa kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka fara a 2006 ta ceci rayuka, amma jinkirin biyan cibiyoyi kuɗinsu ya sha barin kantocinsu wayam. Ledar geza ba za ta maye gurbin jinin da za a ƙara wa mai haihuwa ba. In aka zo mana da shirin gargajiya a matsayin rangwame a kan wannan, mu ƙi.

Su ma masu maganin suna da nasu tsoron, kuma da gaskiyarsu. Tsoho ya riƙe sirrin haɗinsa shekara 40, shi ne gonarsa, shi ne gadon ƴaƴansa. Ka zo da farar riga ka ce ya faɗa maka, ka rubuta, ka samu digiri, shi ko sunansa ba a ambata ba. Me zai sa ya yarda? Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda Nijar ke ciki, ta tanadi cewa mai ilimin gargajiya sai da yardarsa za a yi amfani da iliminsa, kuma yana da rabo a cikin amfanin. A mayar da wannan takarda ta zahiri, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, wadda tsoho zai sa a karanta masa kafin ya buɗe baki. In ba haka ba sirrin zai bi shi kabari, kamar yadda ya bi dubbai kafin shi. Wani abin kuma, ku dubi maɗatan da ke bakin hanyoyin garuruwanmu yadda aka sassaƙe su har sun bushe a tsaye. In buƙata ta ƙaru ba a shuka ba, daji zai ƙare. Manoman Maradi da Damagaram da suka dawo da miliyoyin itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani za su iya noma filasko da geza su sayar wa masana'anta, in an tabbatar musu da mai saye.

Ranar 31 ga Agusta mai zuwa za a sake kafa rumfuna. Ina roƙon ƴan uwa matasa na Yamai da na jihohi mu je, mu zauna a gaba, in an gama jawabi mu ɗaga hannu. Mu tambayi wakilin ma'aikatar lafiya magungunan gargajiya nawa ne ke da izinin sayarwa a ƙasar nan, a ina aka wallafa sunayensu da mutum zai duba a wayarsa. Mu tambaye shi tsirrai nawa aka zaɓa don gwaji a kan marasa lafiya, a wane asibiti, da kuɗin wa. Mu tambayi shugabannin masu maganin ko sun taɓa korar wani daga ƙungiya saboda ya ce yana warkar da sida. Ɗaliban likitanci da ke karanta wannan, ku tambayi malamanku awa nawa aka ware muku a kan tsirran da majiyyatanku ke sha. Wanda kuma ke da mara lafiya a kwance yanzu haka, gobe in likita ya zo zagaye ka fito da kwalbar ka nuna masa, ko da zai yi faɗa.